Ɗinkin Imoro Direba

Imoro ya zo Accra daga Walewale tun yana saurayi. Ya yi yaron mota har muryarsa ta dushe, kafin a ba shi tuƙin trotro, ƙaramar bas ta haya, Maamobi zuwa Circle. A kan kujerar tuƙin nan ya yi furfura, a kanta kuma ya fara zubar da jini. Ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙon saiwoyi, har zama ya gagare shi.

A asibiti aka ce ciwon daji ne a dubura, sai an yanke. Likitar ta ce aikin iri biyu ne: ko a tsaga ciki, ko a yi 'yan huji ƙanana a zura kyamara. Na biyun, in ji ta, ya fi saurin warkewa, kuma mikin bai cika ruɓewa ba.

Imoro ya kai maganar inda suke shan shayin ataya da abokansa. Wahab, amininsa mai sayar da taya, ya buga cinya.

"Chale, abokina, kai da ka san mota! Wane makanike ke gyaran inji ta ɗan rami? Su buɗe ka, su gani da ido!"

Kowa ya ce haka ne. Matarsa Damata ta roƙe shi ya bi shawarar likita, ya ce ta yi masa shiru.

Aka tsaga shi, aka cire ciwon. Bai daɗe da komawa gida ba ɗinkin ya kumbura, ya yi ja, ya fashe da mugunya. Aka mayar da shi asibiti, aka warware zaren, aka bar mikin a buɗe, kullum ana cusa masa auduga. Likitar ta ce ko hujin aka yi, hakan na iya faruwa. Imoro ya juya fuskarsa bango.

Wahab ya zo dubiya sau ɗaya. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kawar da hanci.

"Allah ya sawwaƙe, massa Imoro. Ƙaddara ce."

Bai sake leƙowa ba. Mai motar ya ba wani direba makullin. Damata ta bar sayar da koko, ta koma wankin zannuwan gado, don maƙwabta a gidan hayar sun fara ƙorafin wari.

Mikin ya rufe daga baya, ya bar tabo mai kauri kamar igiya. Yanzu Imoro na gadin wani sito a Kasuwar Malam Atta, yawanci a tsaye. Duk ranar da zai koma asibiti a duba shi, shi kaɗai yake tafiya, kuma ba ya gaya wa kowa abin da aka ce masa.