Sawun Ousmane a Kan Katako

Duk wanda ya san Laouali a unguwar Dira ya san shi da abu biyu: kafinta ne mai hannu, kuma mutum ne da ba a sa shi gaggawa. Ko gobara ce ta tashi, sai ya gama ɗaura agogonsa. Daga wani ƙauyen Maraɗi ya zo Riyad tun gashinsa na baƙi, ya kama aiki a wata masana'antar kujeru a Birnin Masana'antu na Biyu, daga baya ya ɗauko matarsa Haoua. A nan suka haifi ɗansu tilo, Ousmane.

Ousmane ya tashi da Larabci a baki, Hausarsa kuwa sai a hankali. Uban ya yi masa magana da Hausa, shi ya amsa da Larabci, har hira ta ƙare a tsakaninsu, sai gaisuwa. Abin yana cin Laouali a rai, amma shi ba mai faɗa ba ne.

Da Ousmane ya wuce shekarun zama a kan iƙamar ubansa, wato takardar izinin zama a ƙasar, aka nema masa kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya masa, har aka gaji, ba a dace ba. Aka tsayar da magana cewa ƙarshen hunturu zai tafi Maraɗi, garin da a waya kawai ya san shi. A cikin kwanakin nan ne ya hau saman bene, inda uban ya kafa 'yar rumfar aikinsa, ya miƙa masa waya. A bidiyon, wani mutum ne ke sulalowa daga kan dutse cikin dusar ƙanƙara mai laushi kamar garin tuwo, yana tsaye a kan faffaɗan katako, babu maɗauri ko ɗaya a ƙafarsa.

"Yuba," ya ce, yadda yaran Riyad ke kiran uba, "za ka iya ƙera irin wannan katakon? Dusar tana sauka a duwatsun Tabuk, can arewa. Ina so mu je tare kafin in tafi."

Laouali ya daɗe yana kallo. "Ba abin da ya riƙe masa ƙafa?"

"Babu. Tsayuwa ce kawai."

"To cire takalminka."

Ya tsayar da shi a kan fallen katako, ya durƙusa ya zana sawunsa da fensir. Daga nan duk Juma'a bayan masallaci suna kan bene. Suka jera siraran fallaye, suka shafe su da gam, suka matse su a kan wani gungume da Laouali ya sassaƙa don gaban ya ɗaga sama. Na farko ya tsage saboda bushewar iskar Riyad, suka sake wani, aka sake zana sawun a kai. A cikin sawun, Laouali ya yi ƙananan tsagogi don tafin ƙafa ya samu abin kamawa. Ousmane ya koyi faɗin "zarto" da "guduma" da Hausa, yana faɗa a karkace, uban yana dariya har da hawaye. Haoua takan tsaya a matakala da butar shayi, ta ƙi ƙarasawa don kada ta katse su.

Wata safiya Ousmane ya hau da gudu. "Yuba, yalla, mu tafi, dusar ta sauka. Abokaina yau za su kama hanya, akwai wuri biyu a mota."

Katakon kuwa yana cikin matsi, an ƙara masa fallen ƙasa. Laouali ya danna gam ɗin da farce, ya girgiza kai.

"Bai kama ba. Kuma wannan ai ta farko ce. Mu a gida, wa ka ga ya kwashi iri ya zuba don an yi ruwan farko? Sai damina ta zauna. Bari ta zauna, mu je mu same ta da kauri."

"Malam, ka bar shi ya je ya gani mana," in ji Haoua.

Ousmane ya dubi katakon, ya dubi ubansa. Ya ce ba komai, zai jira.

Laouali ɗan manomi ne, kuma da zuciya ɗaya ya yi maganar. Ina zai san cewa dusar Tabuk ba damina ba ce, baƙuwa ce da ba ta cire mayafi? Kafin abokan su juyo, ta narke. Katako ya bushe, ya sha man goge, ya yi kyau har maƙwabta na hawowa kallo. Laouali ya bi direbobin manyan motoci da tambaya, ko an ce wani abu daga arewa. Hunturu ya ƙare ba ta dawo ba.

A filin jirgi Ousmane ya rungume shi, ya haɗa Hausarsa a hankali don kada ya yi kuskure: "Baba, ka ajiye mini shi." Bai taɓa yi masa gorin ranar nan ba, ko a waya. Wannan ya fi komai yi wa Laouali ciwo.

Da hunturu ya zagayo, wani abokin aiki ya nuna masa a waya, Tabuk ta yi fari fat. Da ya koma gida ya hau bene, ya kwantar da katakon a ƙasa, ya cire takalmi, ya sa ƙafafunsa a cikin sawun. Zanen ya fi ƙafarsa ta kowane gefe. Shi ya zana da hannunsa, amma sai ranar ya lura yaron ya fi shi ƙafa. Haoua ta kira shi cin abinci daga ƙasa, ta sake kira, yana nan tsaye.