Ƙarfe Goma Sha Uku

A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, sana'ata shinkafa da wake ce. Ƙarfe biyu ma'aikatan safe ke fitowa, ga yunwa, ga auduga a gashin kai. Wadda ta riga ajiye daronta a bakin ƙofa ita ke ciniki. Muna Makera ban taɓa neman agogo ba, jiniyar masaƙa ta ishe ni. Da muka koma Sabon Tasha, jiniya ta daina kawowa kunnena. Dole in bar gida ƙarfe ɗaya, in kuwa na makara wata ta zauna a wurina.

Maigida ya ce in zaɓi agogon hannu, zai saya. Iri biyu na sani, kowanne da mai shi.

Na farko na wani dattijon tela ne a layinmu. Na ƙarfe, mai nauyi, da dogon hannu da gajere. Kullum da safe sai an wana shi. Kuɗinsa ya haura naira talatin.

"Uwargida, wannan ya girmi ɗan farina," in ji tela. "Ruwa ne kawai ba ya so."

"Ya taɓa yi maka ƙarya?"

"Ran da na manta ban wana shi ba, ai ni na yi masa ƙarya."

Na biyu na maƙwabcinmu ne, mutumin Filato, akawu a ofishin gwamnati. Baƙar roba, ba nauyi, batir yake ci. Ba shi da hannu, lamba yake nunawa, yana kuma kuka kamar ɗan tsako. Naira goma sha biyu.

"Mama, na tela ai na kakanni ne," in ji akawu. "Wannan ko wanka ki shiga da shi."

Tela ya ɗago kai daga kekensa. "Ran da batir ya mutu ka kira ni jana'iza."

Ni dai arha ta ja ni. Ban yi boko ba, amma mai sayar da abinci ba ta jahilci lamba ba, kuɗi ya koya mini. Ran wata Asabar akawu ya ɗaura mini nasa in gwada, ya tafi ɗaurin aure.

Damina ce, hadari ya rufe rana, babu inuwar da zan duba. Na sauke tukunya, na cika daro, na zauna ina jiran ɗaya ta fito. Sha biyu ta zo, na gane ta. Ta daɗe, ta wuce. Sai ga sha uku.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin ƙarfe goma sha uku ba. Na ce wataƙila nasu na zamani sai ya ɗan zarce kafin ya juyo. Na gyara zama. Ina nan, ina nan, sai ga sha huɗu. A nan na gane na makara. Na ɗauki daro na nufi bakin titi.

Ko da na isa Kakuri, bakin ƙofa fayau. Wata mai tuwo na zaune a wurina tana wanke kwanoni.

Da yamma akawu ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kunya ta kama shi.

"Mama, ki yi haƙuri. Lissafin lokaci ne irin na soja da 'yan jirgin ƙasa. Sha uku ita ce ɗaya. Ga abin dannawa nan, yanzu sai in mayar miki."

Na ce, "Bar shi, ɗana. Abin da zai kira ɗaya sha uku, ban san me zai kira gobe ba."

Maigida ya yi ƙorafin tsada, amma mai hannun ya sayo. Wurina dai bai dawo ba, mai tuwo ta kafe. Na koma gefen mai rake, can ƙarshen katanga. Ƙarfe biyu saura nake isa, masu cin abincina kuma suka riƙa biyo ni can ɗaya bayan ɗaya.