Kwanciyar Ƙarfen Yaya

Yayana ya dawo daga Kano a tsakiyar shekarun tamanin da akwati ɗaya, da rediyo, da wata sanda mai kan ƙarfe wadda duk ƙauyenmu, can bayan Kwanar Dangora, babu wanda ya san amfaninta. Inna ta jujjuya ta, ta ce in dai fartanya ce, to maƙerin da ya yi ta bai taɓa noma ba. Shekara da shekaru Yaya ya yi a filin golf, wasan da 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu, yana ɗaukar wa manya jakar sanduna, har ya koyi gyaransu, ya kuma koyi bugu a bayan idon masu wurin. Da aikin ya ƙare, sandar nan ce abin da ya tsira da shi, sai 'yan ƙwallaye farare a cikin tsohuwar safa.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, da matata da ɗana, kuma a ganina wasan nan rashin aikin yi ne. Na faɗa masa ido da ido. Ya ce dama malamin makaranta bai san daɗin sanda ba sai bulala.

Da an gama girbi an kwashe kara, sai gonarmu ta zama filinsa. Yakan tsaya a bakin gona ya nufi wata ɗorawa da ke can ƙarshe. Dama da ita burtali ne inda shanun Fulani ke wucewa. Hagu da ita kuwa maƙabartar gari ce, da shingen ƙaya, kuma a nan Babanmu yake kwance.

Kafin ya fara bugun kowace shekara, akwai abin da ba ya tsallakewa. Zai lakato baƙin tukunya daga madafin Inna, ya shafe ƙasan ƙarfen da shi tas. Wurin nan tafi yake kiransa, kamar na ƙafa: gefen da ke kusa da sanda diddige, can ƙarshen kuma yatsu. Sai ya ajiye guntun katako a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya buga yadda ya saba. Inda ƙarfen ya gogi katako, baƙin yakan goge ya bar farin tabo. In tabon yana tsakiyar tafi, ƙarfen ya kwanta daidai da bugun mai shi. In yana diddige, yatsun sun ɗaga sama, ƙwallo zai karkace hagu. In yana yatsu, zai yi dama. Nasa kullum a tsakiya yake, sai ka ce da alli aka ɗiga shi.

Wata rana ya matsa mini sai na gwada. Na yi ta dukan iska yana dariya har da riƙe ciki, daga baya na samu ƙwallon, ya yi burtali. Tabona yana can kan yatsu.

"Ka cika tsawo, Malam," in ji shi. "Hannunka na sama. Wannan ƙarfe ba zai taɓa kwanta maka ba, a jikina aka gwada shi."

A ranar ce ya ba ni labarin wani tsohon Bature da yake ɗaukar wa jaka. Ya ce a shekararsa ta ƙarshe, kowane wata sai ya kawo sandunansa a lanƙwasa masa, wai sun karkace. "Ƙarfe kuwa ba ya karkacewa yana zaune a jaka," Yaya ya ce. "Mutumin ne yake saukowa ƙasa, mu muna bin sa da guduma." Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Rani na uku ne abin ya soma. Ina dawowa daga makaranta na tarar da shi tsaye a bakin gona, ya juya ƙarfen yana kallo. Tabon ya matsa wajen diddige. Ba da yawa ba, kamar faɗin ɗan yatsa.

"Katakon ne bai zauna ba," ya ce.

Ya gyara katakon, ya sake shafa baƙi, ya sake bugawa. Ƙwallon ya tashi lafiya lau, yana kaiwa rabin hanya sai ya lanƙwasa a hankali, kamar wanda aka kira sunansa, ya haye shingen ƙaya ya faɗa maƙabarta.

Yaya bai motsa ba. Ya ce in taimaka in ɗauko masa, ƙafarsa ta ɗan riƙe. Rana ce tsaka, lokacin da Inna ta hana mu tun muna yara ko bi ta gefen wurin. Ni mai boko ne, nakan yi wa irin wannan magana dariya, amma da na ɗage ƙayar na yi sallama na shiga, ban yi dariya ba. Babu iska, babu kukan tsuntsu, ko ƙarar motocin titin Zariya da kullum muke jiyowa ta ɗauke. Na ga ƙwallon fari tas a wani fili da ba a taɓa haƙawa ba, daf da kabarin Baba. Na ɗauka na fito ban waiwaya ba.

Bayan kwana biyu ya sake aikena, a nan na sake samun ƙwallon. Haka wani karon. Na san amsar da zan ba ɗalibi in ya tambaye ni: bugu iri ɗaya, daga wuri ɗaya, dole ya sauka wuri ɗaya. Amsar ba ta cire mini tsoro ba. Karo na ƙarshe na duba ko'ina cikin busasshiyar ciyawa ban ga ƙwallon ba, na dawo hannu rabbana, kuma na ce masa ba zan ƙara shiga ba.

A lokacin na fara kallon Yaya maimakon ƙwallon. Kafaɗarsa ta hagu ta sauko. In zai sha koko, sai ya tallafi kofin da hannu biyu. Maɓallin rigarsa na wuya ya daina sawa.

"Yaya, mu je asibiti a Kano," na ce. "Gobe ma in ka yarda."

"Ƙafin Maiyaki za mu," in ji shi. "Wajen maƙeri."

Raina ya ɓaci. Na tuna masa da Baturensa. Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini tun ina ƙarami in na wuce gona da iri, ya ce, "Malam, ni na ba ka labarin nan, ba kai ka ba ni ba. Tada babur."

Ranar kasuwa ce. Yaya ya hana a sa ƙarfen a wuta, ya ce a sanyi ake bi da shi. Ya naɗe shi da tsumma, ya nuna wa maƙerin wuyan, inda zai dasa guduma, kaɗan-kaɗan har yatsun su sauko. A kan katako muka gwada a bayan maƙera, yara da 'yan kasuwa sun kewaye mu. Tabo ya koma tsakiya. Yaya ya yi ta murna har ya saya mini rake, yana cewa, "Ina asibitin naka?"

Ƙwallo ya miƙe, amma bai yi wata guda yana miƙewa ba. Tabon ya sake gangarowa diddige, muka sake komawa maƙera. Wannan karon maƙerin ya daɗe yana kallon Yaya kafin ya ɗaga guduma, kuma da muka fito bai ce sai mun dawo ba. Na sa Inna ta yi wa Yaya magana, na kawo kawunmu ya yi masa faɗa. Kowa ya zo, sai Yaya ya nuna masa tafin ƙarfen da farin tabo a tsakiya, ya ce ga shaida nan, lafiyarsa ƙalau. Ya san ƙarya yake yi, ya kuma san na sani. Tsoron asibitin yake ji, ni kuwa ina jin haushinsa da tausayinsa lokaci guda, har na rasa wanda ya fi.

Wata safiya kafin damina ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Muna cikin mota, ba mu ma kai Kano ba ya cika.

A gefen Baba aka haƙa masa, don nan ne filin da ya rage a wajen gidanmu. Ina tsaye masu haƙa suna share ciyawa, ɗayansu ya sunkuya ya ɗago wani abu ya miƙo mini. Ƙwallon da na nema na rasa ne. Na sa shi a aljihu, aka ci gaba da aiki.

Sandar na soke ta a rufin zaure, ta zauna a can har ƙarshen shekarun casa'in. Shekara goma sha biyu Yaya ya ba ni, saboda haka a ranin da na sauko da ita na kai shekarun da ya rasu yana da su ke nan. Gyaran rufi ne ya sa na taɓa ta. Na goge tsatsar, ina jin kewarsa kamar jiya aka yi, sai na ce bari in buga ɗaya don shi. Dama na san burtali zai yi, fiye ma da da, tunda sau biyu an kwantar da ƙarfen don ya bi mutumin da ya riga ya ranƙwafa. Na lakato baƙin tukunya, matata tana tambayata ko lafiya. Na ɗauki katako da ƙwallon nan na tafi gona.

Bugu ɗaya na yi. Ƙwallon ya tashi sambal, bai karkata ko'ina ba, ya je ya sauka a gindin ɗorawa. Ban taɓa yin irin wannan bugu ba, har na buɗe baki zan yi dariya. Sai na juya ƙarfen. Tabon yana tsakiyar tafi daram.

Na tuna makon da ya wuce hedimasta ya ce me ya sa nake tafiya a karkace, na ce takalmi ne. Na kai hannu wuyan rigata, na ji maɓallin a buɗe, kuma na kasa tuna ranar da na sa shi ta ƙarshe.

Ban je ɗauko ƙwallon ba. Da safe na tsaya a Kwanar Dangora ina jiran motar Kano, hannuna na hagu a cikin aljihu. Ɗan kamasho ya ce, "Malam, ina kaya?" Na ce babu, ni kaɗai ne, asibiti za ni.