Mai Cokali da Zomon Direba

Jama'a a gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Yau zan gabatar muku da sarauniyar da fadarta baranda ce, sandar mulkinta kuma cokalin shayi: Gwaggona, yayar mahaifina, wadda duk layinmu ke kira Mai Cokali. Akwai ƙarti masu gemu a layin nan da har yau in za su wuce ƙofarta sai sun ƙara sauri, bakinsu a rufe.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana goge-goge a ɗakin yara na asibiti. A takarda, aikinta bokiti ne da tsumma. Amma in yaro ya datse haƙora ya ƙi magani, uwa ta yi lallashi ta gaji, nas ta yi tsawa ta gaji, sai a leƙa waje a ce, "Ina Mai Cokali?" Sai ta jingine sandar goge-goge, ta wanke hannu, ta zauna. Ta matse yaro tsakanin cinyoyinta, ta kwantar da kansa baya, ta kama hanci da yatsu biyu. Yaro na buɗe baki neman iska cokali ya shige. Kafin ya tuna da kuka an gama. Da ta yi ritaya ma aikin ya biyo ta gida, kullum da uwar da za ta yi sallama da yaro a kafaɗa da kwalba a hannu. Gwaggo takan ce, "Ba a haifi bakin da zai gagare ni ba."

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai surutun da in ya dawo daga tafiya har maƙwabta ke sanin farashin taya. Shekara biyu da suka wuce yana wanke gilashin mota da safe ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, ta bar masa kalma biyu kacal: "to" da "haba". 'Ya'yansu uku duk sun yi nisa, sai dai waya. Gwaggo ce wanka, ita ce sa riga, ita ce ɗaga shi daga gado zuwa kujerar baranda. Duk wannan ta iya. Abin da ya kusa kayar da ita shi ne abinci. Direba ya juya wa kwano baya. Cokali biyu, uku, sai ya kau da kai ya zuba wa bango ido, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ana haka wani maƙwabci da zai tashi ya bar musu zomo, fari mai baƙin kunne ɗaya, wai ba shi da wurin ajiye shi a sabon gida. Gwaggo ta karɓa da niyyar tukunya. Kafin ta wasa wuƙa zomon ya ɗare cinyar Direba ya miƙe abinsa.

"Ga direba ga kwandasta," in ji ta. "Saura fasinja."

Sunan ya bi shi. Daga ranar aka samu wata doka a barandar wadda ba wanda ya kafa ta: Direba ya miƙa wa Kwandasta ganyen latas da hannunsa mai lafiya, in ya ci, shi ma ya kai cokali baki. Ganye ɗaya, cokali ɗaya, har kwano ya ƙare. Gwaggo ba ta so abin ba, don ita da ta ciyar da rabin layi ga zomo ya ƙwace mata aiki. Amma kumatun mijinta sun dawo, sai ta yi shiru, ta riƙa sayen latas mai kyau.

Wata Litinin da safe Kwandasta bai fito ba. Ya takure a bayan tukunyar fulawa, ido a lumshe, yana goga haƙora ƙiris-ƙiris. Gwaggo ta ɗauko shi ta ɗora a cinyar Direba. Direba ya miƙa ganye, zomo ya kau da kai. Ya sake miƙawa, ya taɓa masa hanci da shi. Ko shinshinawa bai yi ba. Direba ya ajiye ganyen, ya ajiye cokalin kusa da shi.

"Malam, ci naka mana. Shi ya ƙoshi ne."

"Haba," in ji Direba.

Haka aka wuni. Da safiyar Talata ta sa zomon a kwali ta nufi asibitin dabbobi, wurin da ba ta taɓa zaton ƙafarta za ta taka ba. Likitar yarinya ce siririya mai gilashi, da ƙyar ta kai sa'ar autar Gwaggo. Ta lalluba cikin zomon, ta leƙa bakinsa, ta ce hanjinsa ne ya tsaya, kuma zomo ba ya jure kwanaki babu ci. Ta kawo kwalabe biyu na magani, da garin da za a dama masa a madadin abinci, da sirinji marar allura.

"Mama, bari in nuna miki yadda ake ba shi."

"Ki nuna wa wa?"

"Zomo ba kamar..."

"'Yar nan, tun ba a yaye ki ba nake ba da magani. Faɗa min sau nawa a rana kawai."

Likitar ta buɗe baki, wani kare ya hau haushi a waje, aka kira ta. Gwaggo ta jefa sirinjin a ƙasan jaka ta fito.

Tana isa gida ta wanke hannu, ta ɗauko cokalinta, ta zauna a kujera 'yar tsugunno daidai gaban Direba don ya ga aiki. Ta kwantar da Kwandasta rigingine tsakanin cinyoyinta. Ya yi tsit, ƙafafu a sama, ko motsi babu.

"Ka gani? Ya fi 'ya'yan mutane hankali."

Ba ta san tsoro ne ya sandarar da shi ba. Ta cika cokali, ta kama ɗan hancin nan da yatsu biyu, ta jira baki ya buɗe. Ta ƙirga a ranta kamar yadda ta saba. Yaro mafi taurin kai ba ya wuce biyar. Ta kai shida, ta kai takwas, baki na nan a datse, idanun suna firfitowa. Ta tura bakin cokali ta gaba, ya ci karo da haƙora. A nan zomon ya yi wata irin zabura, ƙafafun baya suka keta mata hannu tun daga wuyan hannu har gwiwa, maganin ya kwarara cikin hancinsa, ya suɓuce ya faɗi a siminti. Ya tashi ya sake faɗuwa, yana atishawa, numfashinsa na wani fito siriri.

"HABA!"

Tun da Direba ya kwanta ciwo ba ta ji muryarsa haka ba. Ya kai wa kwanon abincin duka, ya tarwatse a baranda. Ɓarin fuskarsa mai rai yana rawa, hawaye na bin ɗaya ɓarin da ba ya motsi.

Gwaggo ta share abincin, ta zubo wani. Jini na ɗiga daga hannunta, ba ta kula ba. Ta kai cokali bakinsa, ya datse haƙora ya kau da kai. Kwana biyu ke nan cikinsa babu komai sai ruwa, ga magungunansa da aka ce kada ya sha da yunwa.

"Malam, kada ka kashe kanka a kan zomo. Buɗe."

Ya ƙara datse haƙora.

"Na ce ka buɗe!"

Hannunta na hagu ya tashi da kansa, yatsu biyu a shirye, har ya kusa taɓa masa hanci. Direba ya juyo ya kalle ta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana juya mota mai taya goma sha takwas, ga shi a kujera da tawul a wuya yana kallon yatsunta. Ta sauke hannun, ta ajiye cokali, ta shige kicin ta jima ba ta fito ba.

Da la'asar ta koma asibitin da kwalinta. Likitar ta dubi hannun da aka ɗaure da tsumma, ta dubi zomon, ta ɗora masa abin sauraron ƙirji.

"Hancinsa kika toshe, Mama?"

"Haka nake yi wa yara."

"Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi. Ko zai mutu ba zai buɗe miki baki ba. Kuma in ya yi shure-shure a rigingine yana iya karya bayansa."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "To nuna min, 'yar nan. Yanzu ina ji."

Likitar ta shimfiɗa tawul, ta ɗora zomon a kan ƙafafunsa, ta naɗe shi sai kai kaɗai a waje. Ta ɗaga leɓensa ta gefe ta nuna mata wani giɓi a bayan haƙoran gaba. Ta nan ake zura bakin sirinji, a ɗiga kaɗan, a cire, a jira sai ya motsa baki ya haɗiye, sannan a ƙara.

"Idan ya fara kashi, hanjin ya tashi. In zuwa gobe da yamma bai yi ba ki dawo da shi. Fiton nan na ƙirjinsa ma ki sa masa kunne. Ban yi miki alkawarin komai ba, Mama."

A gida Kwandasta na jin ƙanshin hannunta ya shige ƙarƙashin gado. Sai da ta kwanta rubda ciki, da ciwon gwiwarta da komai, ta jawo shi. Ta naɗe shi a tawul, ya fizge. Ta sake, ya ciji tawul ɗin, zuciyarsa na bugawa a tafinta kamar za ta fito. Sau biyu sirinjin yana faɗuwa daga hannunta. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Ya ƙi ni, Malam. Da gaskiyarsa."

Direba ya bubbuga cinyarsa da hannun hagu. "To."

Ta ɗora masa. Ya sa tafin hannu ya rufe wa zomon idanu, babban yatsansa na shafa tsakanin kunnuwa, kamar yadda yake masa kullum bayan cin abinci. A hankali fizge-fizgen ya lafa. Gwaggo ta durƙusa a gaban kujerar, ta lalubi giɓin, ta ɗiga. Maganin ya tsaya a gefen baki. Ranta ya ce ta danna sauran a huta. Ta cije leɓe ta jira. Can ɗan bakin ya motsa, mui-mui-mui, ya haɗiye.

"To," in ji Direba.

Ta ƙara ɗigo. Abin da take gamawa kafin a ƙifta ido ya ci mata kusan rabin awa, ga garin da aka dama shi ma sirinji uku. Da za ta tashi sai da ta dafa hannun kujera. Ta kawo wa Direba abinci, ya dubi ganyen da ke nan ba a taɓa ba, ya karɓi shayi kawai, rabin kofi.

Laraba da hantsi matar tela ta yi sallama da 'yarta mai zazzaɓi da kwalbar magani. Gwaggo ta dubi hancin yarinyar, ta dubi yatsunta, ta ce yau hannunta ba lafiya, a gwada ba ta kaɗan-kaɗan ta gefen baki. Matar tela ta fita tana waige kamar ta yi ɓatan gida.

Sau uku Gwaggo ta durƙusa ba Kwandasta magani a ranar. Tsakanin kowace durƙusawa ta share baranda fes, don ko ƙwaya ɗaya ta kashin zomon ta faɗo ta gani. Azahar ta yi, siminti fari tas. Ta fara neman mayafi da kwali. Direba kwana uku ke nan, leɓensa ya bushe, kansa na rinjaya gefe. Ta riƙe waya za ta kira babban ɗansu, ta rasa ta ina za ta fara, wai ubanka zai tafi saboda zomo.

Jim kaɗan na shigo, na same ta a tsugune kusa da tukunyar fulawa, fuskarta kusa da ƙasa. Wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, busassu, ƙanana, ko siffar kirki babu. Kwandasta na cinyar Direba, fiton ƙirjinsa bai gama tafiya ba, amma ya kama gefen ganye yana ja kamar an sa shi dole. Direba ya bar shi ya haɗiye. Sannan ya lalubi cokali, ya ɗebo, rabi ya zube a tawul, rabi ya isa baki.

Na gyara wuyan riga, na ɗaga hannu sama, na ce, "Gwaggo, tarihi ya kafu! Uwar masu magani, gagara-baki, likitar mutum da dabba! Wallahi sai na rubuta ki a littafi, jikokin jikoki su karanta!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗaga ƙafarka. Tara ne, ka taka min biyu."