Tafiya Doguwa Ɗaukar Askar Goggo

Bebeji, ranar Laraba

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, na rataya jakata na fita. Sunana Ɗanlami, shekara talatin da ɗoriya ina ɗaukar hoto a Bebeji, kuma har gobe in aiki ya zama na gaske kyamarar fim nake ɗaukowa. Mai dariya ya yi ta yi, haƙoransa ne.

Goggo Hansai ce ta sa ni wannan tafiya, ƙanwar mahaifina da ke Doguwa. Ita kaɗai ta rage da askar gidanmu a fuska, zube shida a dama, shida a hagu. Mu ba a yi mana ba, 'ya'yanmu ko ganinta ba su taɓa yi ba. Ta haura tamanin, jiki ya fara ƙi, sai ta ce a ɗauke ta hoto don na baya su san askar kakanninsu. Ɗanta Sabi'u, malamin makaranta, ya ɗauka da wayarsa mai tsada. Wayar ta ga zane a fuskar mutum ta zaci tabo ne, ta goge shi tas, ta kuma ƙara wa tsohuwa fari. Ya kashe abin gyaran fuskar ya sake, zanen ya fito dishi-dishi. Da aka nuna mata ta ce, "Wannan 'yar gidan wa ce?" Shi ne ta aiko a kira ni.

Tun jiya da yamma na zaɓi kaya. Gilasan kyamara uku gare ni. Mai lamba ashirin da takwas na taron biki ne, yana kwaso jama'a da yawa, amma in ka matso da shi kusa da fuska sai ya kumbura hanci ya janye kunnuwa baya. Na bar shi a gida. Na ɗauki mai lamba hamsin saboda ko-ta-kwana, da dogon nan mai ɗari da talatin da biyar, wanda kake tsayawa daga nesa ya kawo maka fuska yadda Allah ya yi ta. Sai filasha, fitilar nan mai walƙiya, da igiyarta. Fim kuwa guda ɗaya tak ya rage mini, baƙi da fari, mai ɗauka talatin da shida, yana cikin gwangwani a gindin randa saboda sanyi.

Kwanar Dangora

Ɗan acaba ya sauke ni a garin Ƙofa, na shiga bas, bakwai da 'yan mintoci muna Kwanar Dangora. Na sha shayi a tsaye, na sami ƙaramar mota mai zuwa Tudun Wada, saura mutum ɗaya ta cika.

Direba ya miƙo hannu. "Alhaji, kawo jakar a sa a but."

Na leƙa but ɗin, buhunan taki ne har sama. "Wannan a cinyata take tafiya."

"Me ke ciki, ƙwai?"

"Ƙwai in ya fashe kaza za ta yi wani."

Mota ta ɗauki dariya. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya ga ƙeyar kyamarar ya ce ya ɗauka masu irin wannan duk sun yi ritaya. Na ce masa saura ni, kuma ban rubuta takarda ba.

Tudun Wada

Tara saura ashirin muka iso. Na zauna wurin wata mai waina, kafin ta zuba miya na ce bari in gwada filasha. Lafiyayyiya in ka kunna ta sai ta yi ƙara siririya kamar ta sauro, jar fitilarta ta kama. Tawa ta yi tsit. Na buɗe gidan batir. Tsofaffin batira sun yi yoyo, ƙarafan ciki sun yi kore. Laifina ne, tun farkon damina na bar su a ciki, abin da nake yi wa wasu faɗa a kai.

Aka nuna mini rumfar wani mai gyaran rediyo, Malam Iro. Ya juya filashar, ya taɓe baki.

"Malam, wannan ai ta ci kuɗinta. Ka yar kawai."

"Ban zo neman shawara ba. Kana da samfefa?"

Ya kankare ƙarafan har suka yi ƙyalli, muka zuba sababbin batira, sai ga ƙarar sauro. Amma da na haɗa igiyar da ke zuwa kyamara na gwada bakinta, babu walƙiya. Ashe ta tsinke daga ciki, dab da kai. A nan fa Malam Iro ya gyara zama, abin ya zama nasa. Ya yanke, ya fere, ya ɗiga dalma, ya naɗe. Da ya haɗa bakin igiyar da tsinken ƙarfe, haske ya tashi a rumfar har mai kayan miya na kusa ya yi salati. Wainata ta huce, haka na cinye ta.

Doguwa

Sha ɗaya saura muka tashi. Muka bar Burumburum, muka shiga dajin Falgore, hira ta ragu a mota kamar yadda ta saba raguwa a nan. Masara ta bushe a gonaki tana jiran masu karya. Ana kiran azahar na yi sallama a gidan Goggo.

Na durƙusa. "Goggo, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Ɗan Yaya, ka zo? Matso in gan ka." Ta rame fiye da yadda aka gaya mini, na yi ta maza ban nuna ba.

Muna shan fura Sabi'u ya ce, "Yaya, da ba ka sha wannan wahala ba. Akwai masu kwamfuta a birni, sai su zana mata askar a kan hoton da na ɗauka."

Raina ya ɓaci. Kafin in buɗe baki Goggo ta riga ni. "Ba a yi mini aska sau biyu."

Bayan la'asar muka zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno a inuwar ɗaki. Na ɗaura dogon gilashin, sai na ga wata sabuwa. Ƙofar hasken da ke cikinsa, wadda ya kamata ta tsuke nan take in an danna, tana rufewa a hankali, maiƙo ya kama ganyayenta. In na ɗauka haka haske zai yi yawa, fuska ta wanke. Allah ya sa tsofaffin gilasai suna da ɗan makunni a gefe na rufewa da hannu. Sai in saita fuska tukuna da ƙofar a buɗe, in tsuke ta da kaina, sannan in danna, ina kallon duhu-duhu.

Filasha kuma ban ɗora ta a kan kyamara ba. Haske in ya bugi fuska kai tsaye cike ramin zane yake yi, ya shafe shi. Sai ya zo daga gefe kowane tsagi yake samun inuwarsa. Don haka na ja igiya, na auna taku huɗu, na damƙa wa Sabi'u filashar.

"Ɗaga hannu. Sama. Kada ka motsa."

"Yaya, hannuna ya gaji."

"Wayarka ai ba ta gajiya, ka kira ta ta riƙe."

Muka rataya farin mayafi a ɗaya gefen ya maido da haske. Na ajiye saurin ƙiftawar kyamara a kan lamba sittin, don in ya wuce haka rabin hoton baƙi zai fito. Goggo ta yi ta ƙifta ido, na yi magana, ta ce in ni walƙiya ta faɗo wa a ido ba na ƙiftawa? Na ɗauki dama, na ɗauki hagu, har guda ashirin.

"To mu gani," in ji Sabi'u.

"Sai jibi."

"In bai fito ba fa?"

Tsoro nake ji, don na kalli Goggo na san ba lallai a sami zama na biyu ba. Na ci tuwon masara, na kwana a shagon Sabi'u.

Dawowa, ranar Alhamis

Takwas da rabi na baro Doguwa. A wani shinge cikin daji wani jami'i ya ce in buɗe jaka, ya ɗago kyamarar, babban yatsansa na laluben marfin baya.

"Ranka ya daɗe, kada ka buɗe."

"Me kake ɓoyewa?"

"Fuskar goggota. In haske ya shiga ta ƙone."

"Sai na ga ciki."

Direba na yi mini raɗa in yi haƙuri, fasinjoji na tsaki. Na ce ko za a kwana a nan ba za a buɗe ta haka ba, amma in ya ba ni minti ɗaya zai ga ciki har ya gaji. Ya miƙo. Na naɗe fim ɗin ya koma kwansonsa, da sauran sha shidan da na yi niyyar tanadi, na cire na sa a aljihun ƙirji, na miƙa masa kyamara a wangale. Ya leƙa, bai ga komai ba, ya ce mu tafi.

Biyu da kwata na shigo gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Iro da dalmarsa, har Sabi'u ma da ya ara mini hannu.

Da safiyar Juma'a na toshe tagar ɗakin wanki da bargo, na wanke fim, aka kawo wuta na buga. A cikin ashirin, bakwai ta ƙifta, biyu Sabi'u ya sauke hannu. Sauran sun fito, kowane tsagi ras da inuwarsa. Na kira Sabi'u na ce ya ba ta wayar.

"Goggo, ya fito."

"Nawa ka ƙirga?"

"Shida dama, shida hagu."

"To ba ka kama ni ba. Duba ƙarƙashin kunnen hagu."

Na jawo gilashin ƙara girma, na sunkuya a kan hoton. Can gindin kunne, inda ɗankwali ya ɗan zame, ga wani ɗan guntun tsagi a karkace, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Akwai, Goggo. Bakwai ne."

Sai na ji muryarta a hankali.

"Inna ta ce motsi na yi a hannun wanzami, aska ta zame. Daga ita sai mai gidan nan suka sani, duk sun tafi. Tun ina yarinya nake rufe shi da ɗankwali." Ta ja numfashi. "Ka wanke da yawa, Ɗan Yaya. Kowane ɗaki a ba shi ɗaya."