Abin da Ke Ƙarƙashin Layin

Shekaru sun ja, amma akwai wata ranar Talata a daminar 1998 da har gobe ba ta fita daga raina ba. Ranar ce na tsaya gaban kwamitin mutum uku na ce kwamfuta ba ta ƙarya. Shekarata ashirin da bakwai, ina mataki na takwas na albashi, kuma ni kaɗai ne a ofishinmu na Jalingo na san inda ake kunna na'urar da inda ake kashe ta. Wannan kaɗai ya isa ya kumbura wa mutum kai, nawa kuwa ya kumbura.

Ofishin namu na wani shiri ne na tallafa wa manoman shinkafa na bakin Binuwai, hedikwatarmu tana Kaduna. Ku da kuka taso da waya a aljihu, sai na ɗan yi muku bayanin yadda imel yake a lokacin. Adireshi ɗaya ne ga ofishin gaba ɗaya. Kullum da ƙarfe goma na safe, in akwai wuta ko an tada janareta, sai in sa modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da tarho, ya kira Kaduna. In layin bai tsinke ba, saƙonnin ranar su sauko. Sai dai ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. A dunƙule suke zuwa cikin fayil guda, na Darakta manne da na direba, kowanne da tarkacen rubutu a kansa na hanyoyin da ya biyo.

Aikina shi ne in warware wannan dunƙule. Na rubuta manhaja da yaren Perl, a lokacin furogiram muke cewa. Tana bin fayil ɗin layi-layi, ta gane inda saƙo ya fara da inda ya ƙare, sannan ta mai da kowane saƙo abu guda mai aljihu biyar: wanda ya aiko, wanda aka aiko wa, kwanan wata, batu, sai jikin saƙon. Daga nan firinta ta fitar da kowanne a tsare. Ina ji da wannan manhaja fiye da yadda nake ji da babur ɗina.

Aljihu na shida daga baya ya zo. Darakta ya kira ni wata rana yana faɗa, wai takarda tana ƙarewa da wuri, rabin abin da nake bugawa kuma adireshi ne da lambobin tarho da mutane ke jerawa ƙarƙashin sunansu. Na duba littafin da na koyi aikin da shi, na ga ƙa'idar masu imel ita ce su ja ɗan layi, abin da ke ƙarƙashinsa sa hannu ne kawai. Shi ke nan. Na ƙara aljihun sa hannu, na umarci manhajar ta zuba duk abin da ya biyo bayan layi a ciki, kada ta buga shi. Takarda ta daina ƙarewa, Darakta ya yaba mini a taron ma'aikata.

In na buga saƙonni, wajen Madam Rifkatu nake kai su. Ita ce akawun rajista, mataki na shida, shekararta sha tara tana buga hatimi tun kafin a ƙirƙiro jiharmu. Ita ke sa wa kowace takarda hatimi da lamba, ta raba wa masu ita. Mutuniyar Zing ce, Hausarta irin ta cikin garin Jalingo, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Kullum na shigo sai ta ce, "Sale ɗana, takarda nawa ya fito yau?" Ni kuma Mama nake ce mata. In lokacin ɗanyar gyaɗa ne, ba na rasa dafaffiya a kan teburina.

Rigimar ta taso ne wata Litinin da Malam Hammanjoda ya iso daga Lau. Shi ne malamin gona mai kula da wancan yanki, mutum mai sanyin magana, amma ranar tun daga bakin ƙofa ake jin muryarsa. Ashe hedikwata ta zaɓe shi zuwa kwas na wata shida kan noman rani a ƙasar waje. An aiko masa da takardar gayyata ta imel, aka ba shi mako biyu ya amsa. Da aka ji shiru, sai aka bugo wa Darakta waya ya ba da wani suna cikin gaggawa, shi kuma ya ba da sunan wani ma'aikacinmu, Mista Ishaya. Mista Ishaya har ya tafi. Hammanjoda bai ji labari ba sai da ya haɗu da wani ma'aikacin hedikwata a wajen biki.

Darakta ya buga wa Malam Tukur, jami'in horaswa na Kaduna wanda ya aiko saƙon. Malam Tukur ya rantse ya aiko: gaisuwa a sama, takardar gayyata a ƙasa, duka shafi biyu. Aka ɗauko abin da Hammanjoda ya samu. Shafi ɗaya ne, da hatimin Madam Rifkatu a kansa. Gaisuwa ce zalla: ya aiki, ya iyali, ya ruwa a Lau, Allah ya sa alheri. Shafi na biyu babu shi.

Takardar firintarmu irin mai haɗe da juna ce, mai huji-huji a tsakani, cire shafi ɗaya ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Kafin azahar kowa ya yi lissafinsa. Wa ke taɓa takardu bayan Sale? Madam Rifkatu. Wane coci Mista Ishaya yake zuwa? Cocin su Madam Rifkatu. Ba wanda ya fito fili ya faɗa, amma ofis ya rabu biyu. Masu cin abincin rana tare a ƙarƙashin mangwaro suka koma kowa da ɓangarensa. In ta wuce a yi shiru, in ta ba da baya a ci gaba.

Hammanjoda ya same ni a ɗakin kwamfuta, ya rufe ƙofa, ya fara da kalmar roƙo ta Fillanci.

"Useni, Sale, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Injin nan yana cin takarda?"

"Malam, injin ba ya cin komai. Abin da ya shigo shi ke fita."

"To shi ke nan. Na san inda zan nufa."

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta karkata. Na tuna na taɓa ganinta tana cusa takardun firinta a jaka da yamma. Na tuna Mista Ishaya ya taɓa rage mata hanya a motarsa. Har gyaɗar da take ba ni sai da na sake dubawa, na ce ko toshiyar baki ce tun tuni ban gane ba. Abin da zargi ke yi wa mutum ke nan, duk alherin da aka yi masa a baya sai ya koma masa shaida.

Washegari Talata kwamiti ya zauna: Darakta, jami'in mulki, da wakilin ƙungiyar ma'aikata. Ƙa'idar aiki ita ce a ba ma'aikaci takardar tuhuma, ya amsa, a ji shaidu, sannan a rubuta wa hedikwata. Madam Rifkatu ta tsaya riƙe da jakarta a ƙirji.

"Oga, ni ban cire komai ba," ta ce. "Abin da Sale ya ba ni, shi na buga hatimi. Shekara sha tara takarda bai ɓata a hannuna ba."

Darakta ya juyo gare ni. "Sale, akwai yadda za a yi kwamfuta ta buga shafi ɗaya ta bar ɗaya?"

"Babu, ranka ya daɗe. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ban duba ba kafin in faɗa. Ko tunanin dubawa ban yi ba. Aka dakatar da ita har sai hedikwata ta yanke hukunci, kowa kuma ya san hukuncin ɓoye takardar hukuma kora ce. Jami'in mulki ya sa ta zazzage jakarta a kan tebur a gaban kowa, ya karɓi makullin rajista. Da za ta fita ta dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

Mako guda bayan haka, jami'in mulki ya ce in sake bugo saƙon gaba ɗaya, a haɗa shafi na biyun da rahoton kwamiti. Na ɗauko faifan da na adana saƙonnin watan a ciki, na kunna manhaja, firinta ta fitar da shafi ɗaya ta yi shiru. Na sake. Shafi ɗaya. Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Wai ta shigo ta goge shi daga cikin kwamfutar. Matar da ko madannin kunnawa ba ta sani ba! Har na miƙe zan je in faɗa, sai na ce bari in buɗe ɗanyen fayil ɗin tukuna, wanda manhajata ba ta taɓa ba.

Ga gaisuwar Malam Tukur. Ga sunansa. Ga wani dogon layi da ya ja daga wannan gefe zuwa wancan. A ƙarƙashinsa ga takardar gayyata cif, da lambarta da kwanan watanta da komai. Na leƙa aljihun sa hannu, na same ta a kwance a ciki, layi hamsin da wani abu.

Littafina bai san Malam Tukur ba. Tsohon ma'aikaci ne, a tarbiyyarsu ba a aika wa wanda ka sani takardar hukuma tsirara. Sai ka rubuta 'yar gaisuwa da hannu, ka maƙala a sama da fil. A imel babu fil, sai ya ja layi. Ni da na girma ina ganin mahaifina yana yin haka, ban taɓa kawo shi a raina ba lokacin da nake rubuta manhajar.

Kwana biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Wannan ma ku rubuta shi a kaina. Babu mai iya karanta fayil ɗin sai ni. Zan iya bugo shafin da hannu in miƙa, a haɗa da rahoto, a kore ta, in gyara manhajar a ɓoye. Na ma gyara ta. Sai na ce bari in bi tsofaffin faifai in ga ko akwai wani saƙon da aka yanke, kada wata rigimar ta same ni ban shirya ba. Kun ga har a lokacin kaina nake karewa.

Na sami guda huɗu. Uku ba su da wani nauyi. Na huɗun daga Malam Tukur ne, tun watan Fabrairu, zuwa ga Madam Rifkatu. A sama: Madam ina gaisuwa, ya yara, Allah ya sa a dace. A ƙarƙashin layi: gayyata zuwa jarrabawar ƙarin girma zuwa mataki na bakwai, wadda ta shekara huɗu tana jira. An yi jarrabawar tun watan Maris.

Na ɗauki takardun na shiga ofishin Darakta ba tare da an kira ni ba. Ya karanta, ya cire tabarau. Sannan ya ce, "Kai ka ce mana ba ta ƙarya." Na ce, "Ba ta yi ba, ranka ya daɗe. Abin da na umarce ta ta yi." Ni ma na sami tawa takardar tuhumar, kuma na cancanta. Hammanjoda ya rasa kwas ɗinsa, bai sake samun irinsa ba. Ya je ya ba Madam haƙuri a gaban mutane, wannan na shaida masa.

Takardar dawo da ita aiki ni na roƙa a ba ni in kai. Na same ta a gidanta a unguwar Yelwa da la'asar, tana zaune a tsakar gida tana rubuta waƙoƙin ƙungiyar mata ta coci a bayan lalatattun takardun firinta. Su ne na gani tana sawa a jaka. Na durƙusa na yi mata bayani tun daga aljihu na shida, na miƙa mata saƙonta na Fabrairu cikakke.

Ta karanta a hankali har ƙasa. "Wannan ni na buga masa hatimi da hannuna," ta ce. "Na ce mutumin Kaduna nan yana da kirki, yana gaishe ni haka kawai. Na yi ta tunani, a dace da mene?"

"Mama, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma zan tambaye ka. Kwana tara ana duba jakana, ana duba cocina. Injin naka da ka duba shi, minti nawa ya ɗauke ka?"

Na ce, "Biyar."

Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar, ta sa a cikin littafin waƙoƙinta.

Abin da na koya, wanda nake gaya wa duk wanda ya zo aiki ƙarƙashina, ga shi. In ka rubuta manhajar da ke rarraba saƙon mutane, ka sa ta ƙirga layin da ya shigo da layin da ya fita, in ba su yi daidai ba ta yi ihu. Kada ka zubar da komai don littafi ya ce ba shi da amfani, domin mai littafin bai zauna da mutanenka ba. Kuma kafin ka buɗe baki a kan mutum, ka buɗe ɗanyen fayil. Mu masu wannan sana'a mun fi saurin zargin wanda ke gabanmu a kan abin da hannunmu ya rubuta, in kuma wanda ke gabanmu ba namu ba ne, zargin ma ba ya buƙatar hujja.

Madam Rifkatu ta dawo ranar Litinin, ta karɓi makullinta. Da ƙarfe goma da rabi na kai mata takardu kamar kullum. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta turo mini littafi in sa hannu a kan adadin shafuka, ta ce, "Na gode, Malam Sale." Mun ƙara shekara shida tare kafin ta yi ritaya, ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Amma ba ta sake ce mini ɗana ba.