Yadi Ɗari Huɗu Na Faɗa Maka, Sada

Ranar Talata, 17 ga Agusta, 1965, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sada Tukur Paki, matuƙin jirgin sama, yana da shekara talatin da ɗaya. Jirginsa ya daki tudu cikin ruwan sama, saura mil ɗaya ya iso filin jirgi. Mu na Allah ne, kuma wurinSa duk muka nufa.

Ni ne Iliyasu Kurmin Kogi, mai duba yanayi a filin.

Sada, tun muna elementare a Ikara kake raba dafaffen rogonka biyu ka miƙo mini babban. Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, jininka aka ƙara mata. Kai ka samo mini aikin nan, kai ka koya mini dokarsa: idan ba a hangen yadi ɗari takwas, ba a fara sauka. Idan matuƙi ya bi na'ura ya sauko ƙafa ɗari huɗu bai ga fili da idonsa ba, dole ya koma sama. Sau biyu ka juya saboda wannan doka, manajan kamfaninku ya kira ka matsoraci a gaban leburori.

Ran nan na fita na ƙirga durom-durom da muka jera a gefen fili, kowane yadi ɗari guda ɗaya. Na huɗu ma da ƙyar na gan shi. Na ce maka ta rediyo, "Ɗari huɗu ne, Sada. Juya."

Manaja ya fizge abin maganar daga hannuna. "Masu injin gurzar auduga na jiran kayansu tun jiya. In ka juya, kada ka dawo mini."

Sai ka ce, "Iliya, bari in leƙa sau ɗaya."

Har yau ina jin haushinka kan wannan leƙen. Ka fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin girgijen.

Amma haushin da nake ji na manaja ya fi. Ranar sadakar uku ya je Paki cikin farar mota, ya durƙusa gaban mahaifinka Malam Tukur yana share ido, ya ce, "Baba, yaron kirki ne, sai dai gaggawa." Washegari ya same ni a ofis, ya buɗe littafin yanayi, ya ce in mai da ɗari huɗun da na rubuta ɗari takwas, don a ce saukar tana kan doka, hannunka ne ya kuskure. Na ƙi. Littafin yana wurin masu bincike, kuma na faɗa musu abin da ya ce maka, kalma bayan kalma. An ce aikina na rawa. Ya yi ta rawa.

Allah Ya jiƙanka, Sada, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka. Allah Ya ba Baba Tukur haƙuri, Ya sanyaya zuciyar matarka Zulaihatu, Ya raya 'yarka Mairo. Ina yi wa mutanen Paki duka ta'aziyya.

Shi kuwa manaja, ban saka shi cikin addu'ar nan ba.